Yadda Ake Zanen Bango Na Gayya Da Launukan Daji, Don Wanda Yake Jin Shi Daban Ne

A wasu ƙauyukan ƙasar Kano da Jigawa akwai saurayin da hannunsa ya fi faɗawa ga lalle da saƙar faifai, har a laƙaba masa ɗan daudu, akwai kuma budurwar da ake ce wa namijin mata. Irin waɗannan sukan girma da tambayar da ba su da wanda za su yi wa. Zanen gayya yana ba su wurin zama cikin mutane ba tare da an tsare su da ido ba.

Mataki na farko, ka shiga daji kai kaɗai bayan kaka, da jaka da ƴar wuƙa. Ka nemo karan dafi, ƴaƴan bagaruwa, saiwar rawaya, ƙaro, ɓawon ɗorawa, jar ƙasa da farar ƙasa. Kada ka yi gaggawa. Ka lura da abin da idonka ke yawan komawa kansa, ko gidan tsuntsun jira ne ko zanen bayan ƙadangare, domin shi za ka zana.

Na biyu, haɗa launi, kuma nan aikin yake. Karan dafi a jiƙa shi da ƴar kanwa, ya ba da jan da dukawa ke rina fata da shi. Bagaruwa a daka, a jiƙa da tsohon ƙarfe mai tsatsa, ruwan ya koma baƙi. In kana sauri, gawayi da ƙaro sun isa, kamar tawadar allo. Rawaya dafa ta ake yi. Kowane launi a zuba masa ruwan ƙaro don ya kama. Shuɗi kuwa kada ka wahalar da kanka, baba sai ya yi kwanaki yana tsimuwa, gara ka samo a wajen marinan Kura. Ka sani rana tana cinye launin tsiro, don haka manyan siffofi a yi su da ƙasa.

Na uku, bango. Ka je wajen mai unguwa: "Ranka ya daɗe, muna so mu yaɓe bangon nan mu ƙawata shi." A yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, a bar shi ya bushe.

Na huɗu, ka gayyato mutane, har da tsofaffi masu sana'a, ka kafa sharaɗi tun kafin a tsoma tsinke: babu aikin maza ko na mata a nan, kuma ba a tambayar kowa ma'anar zanensa. Wannan ba kara ba ce kawai. Tun 2014 akwai dokar tarayya mai tsanani a kan masu neman jinsinsu, ga shari'ar jiha, kuma zargi kaɗai yana iya jefa yaro cikin bala'i. Saboda haka ban yarda da ɗaukar fuskar kowa a waya ba. A ɗauki bangon, ya isa.

Daga nan kowa ya ɗauki kamu biyu na bango ya yi abin da ya gani a daji. Wanda ya ce bai iya ba, a ba shi labarin shanun da mutanen zamanin baya suka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu, a miƙa masa tsinken kaba. Kafin ruwan fari a sake bin saman bangon da makuba.