Kafin ka sayi ETF, kwance bakin buhun ka leƙa

A 2021 ina riƙe da asusun zuba jari da ake kira ETF guda huɗu, kuma a ganina na gama dabara. Ɗaya yana bin S&P 500, wato jerin manyan kamfanonin Amurka 500, ɗaya Nasdaq-100, jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Nasdaq, na uku akwai kalmar duniya a sunansa, na huɗu kuma na kamfanonin fasaha ne zalla. Lissafina shi ne in ɗaya ya faɗi, ukun za su tare ni. Wata rana na nuna wa wani yayana da ya daɗe a harkar, ina jiran ya yaba. Bai ce komai ba, sai ya ce in buɗe shafin kowanne in karanto masa kamfanoni goman farko. Na fara da na ɗaya: Apple, Microsoft, Amazon, Alphabet. Na biyu: Apple, Microsoft, Amazon. Ban kai ƙarshen na uku ba ya soma dariya.

"Ƙanina," ya ce, "ai duk kanwar ja ce. Kaya ɗaya ka saya sau huɗu, kana biyan ladan mutum huɗu."

Da 2022 ta zo, huɗun suka gangara tare. S&P 500 ya yi asarar kusan kashi 18 cikin ɗari a shekarar, Nasdaq-100 kuwa wajen kashi 33. Babu wanda ya tare wani.

Ga wanda bai saba ba, ETF asusu ne da ke tara kuɗin mutane da yawa ya sayi tarin hannun jari ko takardun lamuni, sannan shi kansa asusun a yanka shi gunduwa-gunduwa, ana saye da sayarwa a kasuwar hannun jari kamar na kowane kamfani. Na farko a Amurka shi ne SPY, wanda State Street ya fitar a Janairun 1993, kuma har yau yana nan. Yanzu sun kai dubbai, kuma yawan ne ke rikita mutum. Ga yadda nake tace su tun daga wancan karatu da yayana ya sa ni.

Tambayar farko ba ta ma shafi ETF ba: yaushe kake son kuɗin nan? In cikin shekara biyu ko uku ne, kar ka kusanci asusun hannun jari ko da sunansa ya kai me. Daga Oktoban 2007 zuwa Maris na 2009, S&P 500 ya zube da kusan kashi 57 cikin ɗari. A 2020 ya sauka da kashi 34 cikin sati biyar. Duka biyun ya farfaɗo, amma ba kowace kasuwa ke saurin tashi ba. Nikkei, jerin manyan kamfanonin Japan, ya kai ƙololuwa a Disamban 1989, bai sake taka wurin ba sai Fabrairun 2024. Ka ɗauki adadin da kake shirin zubawa, ka raba shi biyu, ka rubuta rabin a takarda ka zuba masa ido. In kallonsa zai hana ka barci, rage kason hannun jari ka ƙara na takardun lamuni ko sukuk, wato takwarorinsu masu bin ƙa'idojin Shari'a. Su ma ba tsira ba ce ɗari bisa ɗari, don a 2022 babban ma'aunin takardun lamunin Amurka ya yi ƙasa da kusan kashi 13, sai dai girgizarsu ba ta kai ta hannun jari ba.

Sai abin da ke cikin buhun, kuma nan ne nake so ka ɓata lokaci. Yawancin ETF ba su da wani gwani da ke zaɓar kamfanoni. Akwai jeri da wani kamfani dabam ke tsarawa, irin su S&P, MSCI ko FTSE Russell, wanda zan riƙa kira ma'auni, asusun kuma aikinsa kwafa kawai. Saboda haka ainihin abin da kake zaɓa ma'aunin ne. Sunan asusun takarda ce da aka manna a bayan buhu.

Ɗauki MSCI World. Mai jin sunan zai ce duniya ce gaba ɗaya. Ƙasashe 23 ne masu ƙarfin tattalin arziki kawai, babu China, babu Indiya, babu Brazil, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari na nauyinsa kamfanonin Amurka ne. In kana son ƙasashe masu tasowa su shigo, sai ka nemi MSCI ACWI ko FTSE All-World. Nasdaq-100 kuma ba ya ɗaukar bankuna da sauran kamfanonin kuɗi, fasaha ce ta cika shi. Shi ya sa da kumfar farashin kamfanonin intanet ta fashe a 2000 ya zube da fiye da kashi 80 kafin ƙarshen 2002. Ko S&P 500 da ake ganin yana da faɗi, ba daidai-wa-daida yake raba kuɗinka tsakanin kamfanonin ba. Gwargwadon girman kamfani a kasuwa, gwargwadon kasonsa, har ta kai a 'yan shekarun nan goman farko kaɗai sun haura kashi 30 cikin ɗari.

Aikin da za ka yi ba shi da wuya. Kowane asusu yana da takardar bayani mai shafi ɗaya ko biyu a shafin intanet na kamfanin da ya fitar da shi. Sauke ta. Nemo abu uku: sunan ma'aunin, kamfanoni goman farko da kason kowanne, sai rabon ƙasashe da na sassan sana'a. In ka riga kana da wani asusu, jera takardun biyu gefe da gefe. Muddin sunaye shida ko bakwai cikin goman sun maimaitu, sabon bai ƙara maka faɗi ba, nauyi kawai ya ƙara wa abin da kake da shi. Sayen asusu ba tare da wannan dubawa ba cinikin biri a sama ne, kuma na yi shi sau huɗu.

In ka tsayar da ma'auni, za ka tarar asusu uku ko biyar suna bin sa, kayan cikinsu iri ɗaya. A nan kuɗin kulawa ke raba gardama. Kaso ne da ake yanka daga dukiyar asusun kowace shekara, a takardun Turai za ka gan shi da haruffan TER. Ba za a taɓa aiko maka da takardar biya ba, daga ciki ake cirewa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba ya zafi. SPY yana karɓar kashi 0.0945 cikin ɗari, VOO na Vanguard da IVV na iShares kuma 0.03, alhali duka ukun S&P 500 suke bi. Tsakanin waɗannan bambancin bai taka kara ya karya ba. Inda abin ke cizo shi ne tsakanin 0.1 da 1. A ce ka ajiye dala 10,000 shekara 30, kasuwa tana ba da kashi 7 duk shekara. Adadin nan misali ne kawai, ba alkawari ba. Mai biyan 0.1 zai tashi da wajen dala 74,000. Mai biyan 1 zai tashi da wajen 57,400. Sama da dala 16,000 sun tafi, fiye da jarin da aka fara da shi.

Wani zai ce ai mai tsadar gwani ne ke juya shi. To, rahoton SPIVA da S&P ke fitarwa ya sha nuna cewa in aka auna shekara 15, kusan tara cikin goma na manajojin da ke zaɓar manyan kamfanonin Amurka da kansu ba sa kamo S&P 500. Shahararren mai zuba jarin nan na Amurka, Warren Buffett, ma ya yi fare na dala miliyan ɗaya a kan haka, daga 2008 zuwa 2017, asusun ma'auni mai arha ya kayar da zaɓaɓɓun asusun gwanaye da rata mai nisa.

Akwai wani ɗan dubawa da mutane ke tsallakewa. A takardar bayanin za ka ga ribar asusun da ribar ma'auninsa a jere, shekara-shekara. Giɓin da ke tsakaninsu ya kamata ya yi kusa da kuɗin kulawa. In asusu yana cewa 0.2 yake karɓa amma kullum yana bayan ma'auninsa da 0.7, akwai inda kuɗi ke yoyo.

Girma da shekaru, wannan a gurguje. Ni ba na sayen asusun da dukiyarsa ba ta kai dala miliyan 100 ba, ko wanda bai yi shekara uku ba. Ƙa'idar kaina ce, ba doka ba. Ƙananan asusu akan rufe su, kuma ko da za a mayar maka da kuɗinka, an tilasta maka sayarwa a ranar da ba kai ka zaɓa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na gano shi a makare shi ne ƙasar da aka yi wa asusun rajista. Asusun da ke da rajista a Amurka, in ya raba riba ga wanda ba mazaunin can ba, ana cire harajin kashi 30 cikin ɗari tun daga tushe, sai fa in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta rage shi. Asusun da ke da rajista a Ayalan kuwa, kashi 15 ake cire masa a kan ribar kamfanonin Amurka. Akwai kuma maganar gado: baƙon da ya rasu ya bar kadarar Amurka da ta haura dala 60,000, harajin gado na iya hawa kanta, har zuwa kashi 40. Wannan ne ya sa da yawa daga waɗanda ba Amurkawa ba suke neman asusun da ke da UCITS a sunansa, wato mai bin dokokin Tarayyar Turai. A ƙarshen irin waɗannan sunaye za ka ga Acc ko Dist. Na farko yana mayar da ribar cikin asusun da kansa, na biyu yana turo maka ita hannu. Wanne ya fi maka, ya danganta da ko kana bukatar kuɗin yanzu da kuma dokar harajin inda kake zaune, don haka sai ka bincika naka. Kar kuma kuɗin da ake cinikin asusun da shi ya ruɗe ka. In ka saya da fam ko yuro amma kamfanonin ciki na Amurka ne, hawa da saukar dala na nan a jikinka.

Ga mai kiyaye ƙa'idojin Shari'a, akwai asusu da aka tace. SPUS da HLAL duka sun fito a 2019 a Amurka, iShares kuma yana da MSCI World Islamic a Turai. Tacewar hawa biyu ce. Ana fara fitar da sana'o'in da ba su halatta ba, kamar bankunan ruwa, giya da caca. Sannan a duba bashin kamfani, kar ya wuce wajen kashi 30 zuwa 33 cikin ɗari, ya danganta da hukumar da ake bi, kuma kuɗin shigar da ba su da tsarki kar su haura kashi 5. Wannan ɗan kason mai hannun jari ne zai fitar ya ba da sadaka. Kuɗin kulawarsu ya fi tsada, na SPUS da HLAL yana wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ni nan na koma daga baya, ina sane da ƙarin, na yarda in biya. Sai dai tsohon ciwon nan yana iya dawowa ta nan: da an cire bankuna, kason fasaha sai ya ƙara kumbura. Nauyin duba takardar bayani bai sauka daga kanka ba don sunan asusun ya kwanta maka.

Iri biyu nake kauce wa. Na farko masu ninka riba, waɗanda za ka ga 2x ko 3x a sunansu. Ninkin na rana ɗaya ne, kullum ana sake lissafi. A ce ma'auni yana 100, yau ya sauka 90, gobe ya koma 100. Mai asusu na yau da kullum bai yi asarar komai ba. Mai 3x ya sauka 70, ya hau zuwa 93 da 'yan kai. Kasuwa ta dawo inda take, shi bai dawo ba, kuma duk lokacin da aka yi wannan lilo sai an ƙara gutsure shi. Garin neman gira ake rasa ido. Na biyu su ne asusun yayi, waɗanda ake ƙirƙira a kan duk abin da ake ta magana a kai a shekarar. Galibi sai farashin ya gama tashi suke fitowa. Na huɗun nan nawa irinsu ne, hoton ribarsa ta bara na gani na saya, kuma shi ya fi sauran zubewa.

Ranar saye, kowane asusu za ka ga farashi biyu a manhajar dillalinka: abin da masu saye suka taya, da abin da masu sayarwa za su sallama. Tazarar da ke tsakani kuɗi ne da kake biya ba tare da an kira shi la'ada ba. A manyan asusu ba ta wuce ɗan tsaki, a ƙanana tana iya cin abin da ka yi tsiminsa a kuɗin kulawa na shekara guda. Kar ka ba da umarnin a saya a kowane farashi, rubuta iyakar abin da za ka biya. Ka kuma bar minti 15 zuwa 30 na farkon buɗe kasuwa su wuce. Da safiyar 24 ga Agustan 2015, wasu manyan ETF a Amurka sun faɗi ƙasa sosai da darajar kayan cikinsu na ɗan lokaci, waɗanda suka bar umarnin sayarwa babu iyaka suka sallama a farashin banza, kafin azahar kuma abin ya daidaita.

Yanzu asusu biyu gare ni, ɗaya na hannun jarin ƙasashe da yawa, ɗaya na sukuk, 80 da 20. Duk wata ina ƙara adadi ɗaya, kasuwa ta hau ko ta sauka. A watan Janairu nake sauke sababbin takardun bayanin, in duba ko an canja ma'auni ko kuɗin kulawa, in sake karanta goman farko. In rabon ya goce da fiye da maki biyar, ba na sayar da komai, sai in karkata zubin watanni masu zuwa ga wanda ya yi baya har su koma daidai.