Yadda ake koyar da Yaƙin Saratoga ta hanyar aikin rukuni a intanet

A filin dagar Saratoga da ke jihar New York a Amurka akwai wani dutse da aka kafa don tunawa da wani jarumi. Siffar takalmin soja aka sassaƙa a jikinsa, amma ko ka zagaya shi sau goma ba za ka ga sunan mai takalmin ba. Da hoton wannan dutse nake buɗe darasin nan. Nakan ɗaga wayata, in bi layi-layi kowa ya gani, sannan in tambaya: wane irin mutum ne jama'arsa za su girmama ƙafarsa, su ƙi ambaton sunansa? Ba na ba da amsa. Ajin da ya saba da kwafe rubutu daga allo sai ya kaure da surutu, kuma surutun nake nema.

Dabarar da zan bayyana ba ƙirƙirata ba ce. Wani malami a Jami'ar Jihar San Diego, Bernie Dodge, shi ya tsara ta a 1995, ya sa mata suna WebQuest. Malami ne ke zaɓo shafukan intanet tun da farko, ya ba ɗalibai tambaya guda mai nauyi, ya raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni riƙe da wani yanki na amsar. Ba a sakin yara a intanet kamar awaki a kasuwa.

Mataki na farko: malam ya san yaƙin kafin ya shiga aji

Yaƙin neman 'yancin Amurka ya ɓarke a watan Afrilun 1775, kuma a ranar 4 ga Yulin 1776 yankuna 13 suka shelanta ɓallewa daga Ingila. A 1777 Janar John Burgoyne na Ingila ya taso daga Kanada da dakaru sama da 7,000, cikinsu har da sojojin Jamus ƙarƙashin Janar Riedesel. Nufinsa ya bi Tafkin Champlain ya gangaro Kogin Hudson har garin Albany, ya raba ƙasar 'yan tawaye gida biyu. Wata rundunar, ƙarƙashin Barry St. Leger, za ta ɓullo ta yamma. Shi kuwa Janar William Howe, wanda Burgoyne ya sa ran zai hauro daga kudu, sai ya kwashi rundunarsa ya nufi Filadelfiya.

Da farko abin ya yi wa Burgoyne daɗi, domin a farkon Yuli ya karɓe sansanin Ticonderoga ba tare da wani gumurzu ba. Daga nan daji ya fara cinsa. Mutanen Janar Philip Schuyler na Amurka suka riƙa sare itatuwa suna toshe hanya, suna karya gadoji, har tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba ta ci masa kusan mako uku. Ya tura runduna Bennington neman dawaki da abinci, ranar 16 ga Agusta mayaƙan John Stark suka fatattake ta, ya yi asarar mutum kusan 1,000. St. Leger ya kasa cin sansanin Stanwix, ya juya. Duk da haka Burgoyne ya ƙetare Hudson a tsakiyar Satumba. Aka gwabza a gonar Freeman ranar 19 ga Satumba, aka sake gwabzawa a tudun Bemis ranar 7 ga Oktoba, kuma ranar 17 ga Oktoba ya miƙa wuya ga Janar Horatio Gates na Amurka tare da mutum kusan 6,000. Ranar 6 ga Fabrairun 1778 Faransa ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance da Amurka.

Wannan duk naka ne, malam. Ɗalibai kada ka ba su fiye da taswira da sakin layin farko na wannan labarin. Sauran su za su tono.

Mataki na biyu: tambaya guda

In ka tambayi ɗalibi yaushe aka yi yaƙin Saratoga, cikin minti ɗaya wayarsa za ta ba shi amsa, darasi ya ƙare. Tambayar da nake rubutawa a saman allo, ta zauna nan har mu gama, ita ce: me ya kayar da Burgoyne, kuma a wace rana ce ya kamata ya juya? Babu shafin da za a kwafo amsarta. Dole a haɗa labarin hanya da na abinci da na wasiƙun da suka makara, kuma dole a yi gardama.

Mataki na uku: zaɓen shafuka da shirin kayan aiki

Nan ne aikin malami ya fi yawa, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka, National Park Service, tana da shafin filin dagar Saratoga mai ɗauke da labari da hotuna. Ƙungiyar American Battlefield Trust tana da taswirorin da ke nuna inda kowace runduna ta tsaya. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, Library of Congress, yana da tsofaffin taswirori na zamanin yaƙin. Ka zaɓa wa kowane rukuni shafi uku, in ya yi yawa huɗu, ka karanta kowanne da kanka daga farko har ƙarshe. Turancin wasu yana da tsauri, don haka ka fitar da kalmomi goma sha biyar masu wuya, ka rubuta ma'anarsu da Hausa a takarda guda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa shiga aji da adireshin shafuka kawai, sai sabis ya ɗauke, muka ɓata darasi guda muna kallon waya tana juyi. Tun daga ranar nake sauke kowane shafi a wayar, in ɗauki hoton taswirori, in tabbatar an yi caji tun daren jiya. Waya ɗaya ta ishi rukuni ɗaya. In makarantarku tana da ɗakin kwamfuta, to madalla. In wayoyin gida za a kawo, ka nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye a rubuce, kuma wayoyin su kwana a hannunka ko su koma gida kullum. Wurin haɗa rubutu kuwa, takarda guda ta Google Docs da duk rukunoni za su iya buɗewa ta fi, domin kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ya samo. In hakan ya gagara, babbar takardar kwali a bango ta wadatar.

Mataki na huɗu: rabon rukuni

Rukuni biyar nake yi. Na farko su ne sansanin Burgoyne: me ya tsara, me ya sani, me ya ɓuya masa. Na biyu sansanin Gates, kuma su za su gano cewa wani injiniya ɗan Poland, Tadeusz Kościuszko, shi ya tsara ganuwar tudun Bemis inda hanya ta matse tsakanin tudu da kogi, su kuma san maharban Daniel Morgan da suka riƙa harbo hafsoshin Ingila daga cikin itatuwa. Na uku rukunin hanya da guzuri. Yara kan raina wannan da farko, suna ganin babu harbe-harbe a ciki, sai sun auna nisan da buhun gari zai yi daga Kanada kafin ya isa bakin soja, sannan su gane da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyar rukunin birnin Paris, inda wakilin Amurka, Benjamin Franklin, ya daɗe yana lallashin fadar Faransa, ita kuma tana taimako a ɓoye tana jiran ta ga ko 'yan tawayen nan za su iya cin babban yaƙi.

Na bar na huɗu a baya domin shi ya fi kwanta mini a rai: mutanen da ba janar ba. Matar Riedesel, Frederika, ta biyo mijinta da 'ya'yanta mata uku ƙanana, kuma ta rubuta yadda suka ɓuya kwanaki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida, cikin masu raunuka, igwa na dukan ginin. Akwai manoman da aka tattake gonakinsu. Akwai kuma 'yan asalin ƙasar, waɗanda yaƙin ya raba kansu: ƙabilar Oneida ta bi Amurkawa, Mohawk da yawa suka bi Ingila ƙarƙashin Joseph Brant, har ƙabilun da a da suke cikin ƙawance ɗaya suka kashe juna a Oriskany ranar 6 ga Agusta.

A nan kusan kullum wani ɗalibi kan ce, ai kamar mu ne da Turawa a 1903, lokacin da aka ci Kano da Sakkwato. Kada ka kashe masa gwiwa, domin ya yi tunani. Amma ka sa rukuni na huɗu su amsa masa. Waɗanda suka yi wa Ingila tawaye, yawancinsu zuriyar Turawan da suka je suka zauna ne a ƙasar wasu, kuma nasararsu ba ta zama alheri ga masu ƙasar na asali ba, har da Oneida ɗin da suka taimake su. Wannan muhawarar kaɗai ta cancanci rabin darasi.

Cikin kowane rukuni kowa da aikinsa: mai karantawa daga waya, magatakarda, mai zana taswira, mai duba inda labari ya fito, da kakakin rukuni. Wayar ta riƙa zagayawa duk bayan minti goma. In ba ka kafa wannan doka ba, wanda ya fi kowa baki zai riƙe ta har a tashi, masu kunya, musamman 'yan mata a ajin haɗaka, su koma 'yan kallo. In ajin ya haura mutum 50, ka yi rukuni goma, kowane aiki rukuni biyu, daga baya su gwada abin da suka samo.

Mataki na biyar: bincike

Darasi biyu na minti 40 sun isa. Doka ɗaya ce: duk abin da aka rubuta, a faɗe shi da kalmomin rukuni, a kuma sa sunan shafin da ya fito. Kai kuma ka riƙa zagayawa kana tambaya, wa ya faɗa, ina ya sani?

Za su ci karo da saɓani, kuma ka yi murna in sun ci. Adadin waɗanda suka miƙa wuya ya ɗan bambanta daga shafi zuwa shafi. Rawar da Janar Benedict Arnold na rundunar Amurka ya taka ma masana tarihi sun sha bamban a kanta, domin shi da Gates ba sa ga maciji, kuma rahoton da Gates ya aika bayan faɗan gonar Freeman bai ambaci sunansa ba. Wata ɗaliba ta taɓa ɗago kai daga wayar ta ce, "Malam, to in mai rubuta rahoton ne ba ya son mutum, ya za a yi a san gaskiya?" Na ce ta rubuta tambayar a allo ƙarƙashin tawa. Ta zauna nan har ƙarshen zango.

Mataki na shida: majalisar yaƙi

A darasi na huɗu a ture tebura, a zana Kogin Hudson da alli a ƙasa, daga ƙofa zuwa bango. Ka tsayar da lokaci a farkon Oktoban 1777. Burgoyne ya riƙe filin gonar Freeman, amma ya rasa mutum kusan 600, ninki biyu na asarar abokan gabansa. Ya haƙa ramuka yana jiran Janar Henry Clinton ya hauro daga New York. An rage wa sojoji abinci. Sansanin Gates kuwa kullum ƙaruwa yake, mayaƙan sa-kai na ta kwararowa. Sanyi na tafe.

Kakakin rukuni na farko ya zauna a kujerar Burgoyne. Rukunin guzuri su faɗa masa halin da rumbu ke ciki, na huɗu su faɗa masa halin mata da yara da masu jinya, na biyu su nuna a kan zanen alli inda ganuwa take, na biyar su tuna wa kowa cewa Faransa na kallo. Sannan a yanke: a kai hari, a ci gaba da jira, ko a koma arewa. Kowa ya kawo hujja daga abin da ya karanta, kuma ba a yarda wani ya ce ai mun san ƙarshen labarin ba. Wannan sharaɗin shi ke sa yaro ya gane cewa mutanen da ke cikin tanti a daren nan ba su san gobe ba. Bayan an ƙirga hannuwa, sai ka faɗa musu cewa an yi irin wannan zama da gaske, Riedesel ya ba da shawarar a janye, Burgoyne ya ƙi, ya fita ranar 7 ga Oktoba, aka harbe hafsansa Janar Simon Fraser, aka karya gefen rundunar Burgoyne. Clinton ya ci sansanoni biyu a can ƙasan kogi kwana guda kafin nan, amma bai iso ba.

Mataki na bakwai: maki

Rabin maki na rukuni ne: ingancin hujja, ambaton madogara, tsabtar taswira. Ɗaya rabin na mutum ɗaya ne. Kowa ya ajiye waya, ya rubuta shafi guda da hannunsa yana amsa tambayar allo, kuma dole ya kawo aƙalla hujja ɗaya da ya ji daga wani rukuni ba nasa ba. Da haka kake gane wanda ya saurara da wanda ya fake bayan abokansa.

Kafin a tashi sai in sake ɗaga hoton takalmin. Yawanci rukuni na biyu sun riga sun gano, hannuwansu na sama tun kafin in yi magana, sai in bar su su faɗa. Benedict Arnold ne. A faɗan 7 ga Oktoba ya jagoranci farmaki kan wata ganuwar sojojin Jamus, harsashi ya same shi a ƙafar hagu. A 1780 ya ƙulla da Ingila zai miƙa mata sansanin West Point, asirinsa ya tonu, ya gudu ya shiga rundunar da ya yaƙa a Saratoga.