Yadda Mai Walda Zai Kare Huhunsa Daga Hayaƙin Ƙarfe

Hayaƙin da ke tashi lokacin walda ɓurɓushin ƙarfe ne ƙanana ƙwarai, waɗanda ke wuce hanci da maƙogwaro har su isa can ƙarshen huhu, inda iskar numfashi ke shiga jini. A nan akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, waɗanda aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abin da ya shigo. Matsalar ita ce ba sa iya narkar da ƙarfe, don haka sai ya taru a cikinsu, wasu su mutu, huhun ya kumbura, ƙarfinsa na yaƙi da ciwon nimoniya kuma ya ragu. A shekarar 2017 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da ke haddasa cutar daji.

Kafin ka kunna inji, ka kankare fenti da mai daga jikin ƙarfen, musamman idan an lulluɓe shi da zinki, wato sinadarin da ake shafa wa ƙarfe don hana tsatsa, domin hayaƙin zinki yakan jawo zazzaɓi da rawar sanyi bayan 'yan sa'o'i. Ka yi aiki a fili ko kusa da fanka mai janye hayaƙi, ka tsaya ta yadda iska za ta ɗauke shi daga fuskarka, kada ka sunkuya kai tsaye a kansa. Ƙyalle ko rawani ba ya tace wannan ɓurɓushi, sai takunkumi irin N95 ko P100 da ya kama fuska sosai. Madarar da wasu ke sha bayan aiki kuwa ba ta wanke huhu. Idan tari ya wuce mako 3, ka je asibiti ka faɗa wa likita sana'arka.