Yadda zaka bi idan likita yace ayi ma ƙullutun jikinka hoton MRI

Dan Allah idan ƙullutu ya fito maka a cinya ko hannu, ya wuce santimita 5 ko yana ta girma, kar ka bari kowa ya tsaga shi kafin ayi hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu, domin yankan yana ɓata hoton, likita ya kasa gane asalin iyakar abun.

Ranar hoto ka cire duk wani ƙarfe, ka faɗa musu in kana da na'urar bugun zuciya, saboda maganaɗisun injin, ko ciwon ƙoda, saboda allurar gadolinium da ake sawa a jijiya don hoton ya fito sarai. Ka kwanta cik, motsi kaɗan hoto ya lalace.

In sakamako ya fito ka tambayi likita abun da ya gani. Ƙari mai tsanani yawanci cikinsa ba iri ɗaya bane, akwai wajen da naman ya mutu a tsakiya, gefensa ba a shace yake ba, naman dake kewaye ya kumbura kuma yana shan allurar sosai, wannan na ƙarshen shi likitoci suka fi lura dashi.

Amma fa hoto hasashe ne. Matakin tsananin ƙari, 1 ko 2 ko 3, sai an ɗebi tsoka an duba a lab, hoton ne zai nuna inda allurar ɗiba zata shiga.