Kurakuran da aka fi yi wajen auna mai binciken ciwon zuciya da yawan takardu da ambato

Asabar ɗin da ta wuce ɗan yayata ya same ni wajen mai koko a Aboabo nan Kumasi, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya. Yaron ya gama karatun likita, ransa na kan fannin zuciya, yana neman sufabaiza a waje. Yace Kawu duba wannan farfesan, an ambaci aikinsa a takardun wasu masu bincike sau dubu arba'in da wani abu a Google Scholar, shafin da ke ƙirga wannan, ai ba sai na ƙara neman wani ba. Na ajiye ƙosai na goge hannu na fara jan shafin ƙasa. Takardu biyar na sama, waɗanda suka kawo kusan duk lambar, duka na wannan babban aikin ƙididdigar cututtukan duniya ne da ake bugawa a mujallar likitanci ta Lancet, wanda sunayen masu hannu a ciki kan kai ɗaruruwa, har ka gaji da neman sunan mutum ɗaya a cikinsu. Nace ɗana, to nasa aikin fa, wanda shi ya zauna ya tsara, ina yake? Sai da muka wuce takarda ta ashirin kafin muka ga wadda sunansa ke farko.

Kuskuren farko kenan kuma shi yafi yawa, a ga jimilla a tsaya. Ba wai shiga irin wancan aikin laifi bane, bayar da bayanai ma aiki ne, amma ba ɗaya yake da jagorantar bincike ba. A fannin likitanci wurin da suna ya zauna yana magana: na farko yawanci shi yayi wahalar aikin da rubutun, na ƙarshe shine babban da ya jagoranta, sai wanda aka sa adireshinsa don a tuntuɓe shi. Gyaran ba wuya, ka ware takardun da yake na farko ko na ƙarshe ka ƙirga su daban, sannan ka duba ko suna kan layi ɗaya, ko kuwa yau hawan jini gobe ciwon ido jibi zazzaɓin cizon sauro, wanda ke nuna mutum ana dai saka sunansa ne.

Sai ma'aunin h da kowa ke rantsuwa da shi. Wani masanin kimiyyar fizis ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005, kuma lissafin mai sauƙi ne: in kana da takardu 10 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 10, naka 10 ne. To amma ka lura, wanda ke da takardu uku kacal da aka ambaci kowacce sau 2,000 nasa 3 ne fa, ko da ukun nan sun canza yadda ake ba da magani a duniya. Kuma lambar bata sauka, mutum ya daina aiki shekara goma tana nan ko ma tana hawa, saboda haka in ka ɗauki wanda ya fara bugawa a 1990 ka gwada shi da wadda ta fara a 2018 ka zalunci yarinyar. Ka gwada tsara da tsara, kuma ka duba na shekara biyar na baya, Google Scholar ma yana nuna shi a gefe.

Wani abin da ke rikita mutane, mutum ɗaya sai ka ga lambarsa uku. Google Scholar na kwashe komai har da kundin digiri da takardun taro, rumbunan Scopus da Web of Science kuma mujallun da suka zaɓa kawai suke ƙirgawa, don haka tasu kan yi ƙasa. In zaka rubuta a sibi ka faɗi inda ka samo da ranar da ka duba, shikenan.

Mu 'yan Zango kuma muna da tamu matsalar ta daban, suna. Abdul-Rahman a wannan takarda, Abdulrahman a waccan, wata mujallar ta mai da Mohammed sunan mahaifi wata ta mai da shi sunanka, sai aikinka ya rabu gida uku, ko kuma injin ya loda maka takardun wani mai irin sunanka a Masar ko Fakistan kai kana murna lamba ta hau. Abokanmu Asante masu Owusu da Mensah ma haka suke fama. Ka buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ne, lamba 16 ce taka kai kaɗai, ka tsaya kan rubutun suna ɗaya, ka kuma kashe wurin da Google Scholar ke ƙara takardu da kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Wlh ranar da kwamitin ƙarin girma ya ga takardar wani a jerinka, ba za su ce kuskuren na'ura bane.

Yanzu ga wanda nafi son a tsaya a kai. Mutane na ɗauka duk wanda aka ambata da yawa to gaskiya ya faɗa. Ambato fa ba shaida bace, ambato ne kawai, wani ya ambace ka ne don yace ka yi kuskure kuma na'ura zata ƙirga maka shi daidai da na yabo. Fannin zuciya ya sha wannan darasin da zafi. Piero Anversa, wani mai binciken zuciya a Amurka, ya shafe shekaru yana bugawa cewa zuciya na da wasu ƙwayoyin halitta da ke iya sake gina tsokarta bayan ta lalace, aka yi ta ambatonsa, aka zuba kuɗi, har gwaji aka yi kan marasa lafiya bisa wannan tunani, wasu ɗakunan bincike na cewa sun gwada abin bai fito musu ba amma ba a saurare su da wuri ba. A 2017 aka biya gwamnatin Amurka dala miliyan 10 don sasanta zargin an nemi tallafi da bayanan ƙarya, a watan Oktoba na 2018 kuma Harvard da asibitin Brigham inda ya yi aiki suka nemi a janye takardu 31 daga ɗakin bincikensa. Da ɗan yayata ya buɗe shafin mutumin a 2010 da sai yace Kawu na samu uba.

Haka a 2020, lokacin korona, Lancet ta buga wata takarda a watan Mayu da tace ta duba marasa lafiya wajen 96,000 ta gano maganin hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa da rikicewar bugun zuciya, har WHO ta dakatar da wannan ɓangaren na gwajinta na ɗan lokaci. Bayanan daga wani kamfani ne Surgisphere, da aka ce a kawo su a duba sai ya ƙi. Ranar 4 ga Yuni aka janye ta, tare da wata a New England Journal of Medicine kan magungunan zuciya da korona. Kuma bayan janyewar mutane suka ci gaba da ambatonsu, saboda yawanci kwafar jerin madogara ake daga takardar wani ba tare da an buɗe ba. Kafin ka dogara da takarda ka sa sunanta a PubMed, rumbun takardun likitanci, in an janye zaka ga jan gargaɗi a sama, ko ka duba rumbun Retraction Watch. Minti biyu ne.

Akwai kuma auna takarda da sunan mujallar da ta fito. Ma'aunin tasirin mujalla da kamfanin Clarivate ke fitarwa duk shekara matsakaici ne na ambaton abinda mujallar ta buga a shekara biyu na baya, kuma 'yan takardu kaɗan ne ke jan shi sama, sauran suna rakiya. Shi yasa tun ƙarshen 2012 wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco suka tsara sanarwar DORA cewa a daina auna mutum da shi. Har yanzu dai ana yi, to.

Ta ɗaya gefen kuma akwai mujallun 'yan damfara, nan kam ni ma na taɓa faɗawa, ba zan ɓoye ba. Imel ya shigo ana kirana babban farfesa alhali ko mastas ban gama ba, na tura musu ɗan aikinmu kan awon hawan jini, kwana huɗu suka ce an karɓa ba gyara ko ɗaya, na je na canza sidi na biya dala 150 ina jin daɗi. Da na kai wa malamina ya duba ya cire tabarau yace wa ya yi bitar wannan? Ba kowa. Aikin ya mutu a can, ba a iya sake buga shi wani wuri. Ka duba ko mujallar na cikin jerin mujallun da aka tantance na DOAJ ko MEDLINE ko Scopus, daga shafinsu su ba daga abinda mujallar ta rubuta game da kanta ba. Ghana Medical Journal da Cardiovascular Journal of Africa sun fi waɗancan daraja nesa ba kusa ba, ko da sunan waɗancan ya fi kama da na Turai.

Ambaton kai ma a duba, kowa na ambaton aikinsa na baya kuma daidai ne, amma in rabin lambar daga shi da yaransa ta fito akwai magana. Scopus na da wurin cire shi.

Sai kuskuren raina ƙaramar lamba, wanda mu yafi shafa. Masu bincike kan kitsen jini da toshewar jijiyoyin zuciya dubbai ne a Amurka da Turai, suna ambaton juna kullum, masu aiki kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa kuwa 'yan kaɗan ne, to ta ina lambar zata zo ɗaya? A 1978 Davidson da Parry suka buga abinda suka gani a Zariya, matan Hausawa da zuciya ke gaza musu a lokacin jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, kuma wannan Parry ɗin shine daga baya ya zo nan Kumasi ya shugabanci makarantar likitoci a farkon shekarun 1980. Su Farfesa Kamilu Karaye a Kano suka sake bin maganar da rajistar masu ciwon a faɗin Najeriya. Ko gwajin CREOLE na Dike Ojji daga Abuja da ya fito a 2019, mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin magungunan da ke da amlodipine yafi sauke hawan jinin baƙar fata kan haɗin perindopril da hydrochlorothiazide. Likitan da ke duba iyayenmu a Asawase wannan ne ke gaya masa me zai rubuta ranar litinin. Don haka banda lamba ka tambaya, aikin ya shiga ƙa'idojin magani? ya canza abinda ake yi a ɗakin duba marasa lafiya? wasu sun maimaita sun samu abu ɗaya?

Abinda na sa yaron yayi, nace ya zaɓi takardu uku na farfesan waɗanda sunansa ke ƙarshe daga 2020 zuwa yau, ya karanta su tun daga hanyar binciken ba taƙaitawar sama kawai ba, ya duba su waye na farko a cikinsu, in ɗalibai ne kuma suna canzawa to mutumin na raino, sannan ya nemi ɗaya daga cikinsu ya tura masa saƙo ya tambaye shi yaya zama da malam yake. Yace Kawu wannan ai aikin sati guda ne. Nace shekara huɗu zaka yi ƙarƙashinsa ai. Ya shanye kokonsa, yace zai zo da takardun ranar juma'a bayan an sauko masallaci, kuɗin firintin ma ni ya bari da shi.