Yadda ake ƙera kwaikwayon bindigar mashin don jirgin Yaƙin Duniya na Farko na haɗin gida

Duk wanda ya taɓa zuwa Old Rhinebeck, filin tsofaffin jirage a jihar New York, ko taron masu jiragen haɗin gida na Oshkosh a Wisconsin, ya san cewa jirgi irin Fokker Dr.I ko Sopwith Camel ba ya cika ido sai da bindigoginsa a gaban matuƙi. Waɗannan bindigogi na ado ne kawai, katako ne da alminiyam, ba sa harbi. Amma na ga mutane sun shafe shekara uku suna haɗa jirgi mai kyau, sannan su ɗora masa wani abu mai kama da bututun famfo da aka shafa wa baƙin fenti. Abin yana ci mini rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Fara da sanin bindigar da jirginka ya ɗauka a tarihi. Fokker Dr.I da D.VII na Jamus suna da Spandau guda biyu, wato LMG 08/15. Camel yana da Vickers biyu, Sopwith Pup yana da ɗaya. Nieuport 11 na Faransa kuwa Lewis ɗaya ce a saman fuffuken sama, tana harbi ta bisa farfela, domin ba shi da na'urar daidaita harbi da juyawar farfela irin wadda Fokker ya fito da ita a 1915. Faifan harsashin Lewis na farko mai cin 47 ne, mai kauri na 97 ya zo daga baya a 1916. Kada ka ɗora Spandau a kan jirgin Ingila don kawai ta fi burge ka.

Sai girma. Yawancin jiragen da ake haɗawa ba cikakken girma ba ne. Nieuport ɗin da Graham Lee na Kanada ya zana wa masu haɗin gida kashi 7 cikin 8 ne, kuma kamfanin Airdrome Aeroplanes na Missouri suna da wasu masu kashi 3 cikin 4. Vickers ta ainihi tsawonta ya kai kimanin santimita 112, to a jirgi mai kashi 7 cikin 8 za ta koma 98, a mai kashi 3 cikin 4 kuma 84. Kowane awo haka za ka rage shi, har da kaurin bututu. Yanka siffarta a kwali tukuna, ka ɗora a jirgin, ka shiga ka zauna ka gani ko tana tare maka ido.

Gangar jikin, wato akwatin baya, aikin kafinta ne mai sauƙi. Filawud siriri na milimita 3, a haɗa shi akwati mai rami a ciki, a lulluɓe da fallen alminiyam in ana son ƙyalli na ƙarfe. Bakin bindigar kuwa sandar katako ce da babu rami a cikinta.

Inda aikin yake shi ne rigar sanyayawa, wannan bututu mai ramuka da ke kewaye da bakin Spandau. Shi ne abin da ido ke fara sauka a kai, kuma a nan na yi asarar bututu biyu kafin na gane. Na farko na zana ramukan kai tsaye a jikin bututun da rula da fensir. Da na zagayo ƙarshe, layin farko da na ƙarshe ba su haɗu ba, aka bar wani gefe da fili kamar giɓin haƙori. Kuskuren milimita ɗaya a kowane layi, in ya taru, shi ke jawo haka. Na biyu na gyara zanen, amma na danna injin huda a kan bututun da babu komai a cikinsa, ya lotsa, bakin kowane rami ya yage.

Ga yadda nake yi yanzu. Naɗa takarda a jikin bututun, ka yanke ta daidai inda bakinta biyu suka haɗu. Ware ta a kan tebur, ka raba faɗinta gida-gida daidai da yawan layukan ramukan da ka ƙirga a hoton bindigar ainihi. Ka zana komai a shimfiɗe, ka mayar da takardar jikin bututun ka manne da gam mai ɓarewa. Daga nan ka samo katako zagayayye wanda zai shiga cikin bututun da ƙyar, ka cusa shi ya cika cikin. Wannan katako shi ne sirrin aikin gaba ɗaya. In ba ka da injin gyare katako, kai wa wanda yake da shi, kuɗin bai kai na bututu ɗaya da za ka lalatar ba.

Kowane dogon rami huda biyu ne, ɗaya a kowane ƙarshe. Buga ɗan tabo da tsinken ƙarfe kafin ka huda, don kada bakin injin ya zame. Fara da ƙaramin baki, sannan ka faɗaɗa. Tsakanin hudojin biyu ka yanke da ƙaramin faifan yanka, ka bar ɗan rara a cikin layi, ka ƙarasa da magagari. Kada ka bi layi ɗaya daga farko har ƙarshe. Yi rami a nan, juya bututun ka yi na kishiyarsa, domin in ka raunana gefe ɗaya kaɗai sai ya lanƙwashe. Aiki ne na kwana biyu ko uku ga bindiga ɗaya, kuma wanda ya yi gaggawa zai sake saye. In za ka yi biyu, buga takardar sau biyu daga zane ɗaya, tunda gefe da gefe za su zauna, kowane bambanci zai fito fili.

Wasu suna amfani da bututun roba na PVC saboda araha. Ni ba na yarda da shi. Yana da nauyi, kuma in zafin inji da na rana suka haɗu a kansa sai ya saki ya sunkuya. Bututun alminiyam nau'in 6061 mai siririn bango shi ne abin yi. Mai Vickers ya huta da yawan ramuka, tasa rigar mai gurza-gurza ce da 'yan tsage na shan iska.

Nauyi abin lura ne. Bindigar ainihi ta haura kilo 10, taka kada ta wuce kilo ɗaya da rabi. Wanda jirginsa ke ƙarƙashin dokar Part 103 ta Amurka, wato ta ƙananan jirage marasa nauyi, iyakar nauyinsa fam 254 ne (kimanin kilo 115) babu mai babu matuƙi, kowane giram yana da lissafi. Bayan ka ɗora, sake auna daidaiton nauyin jirgin. Kuma ka guji baƙin ƙarfe a cikinta, domin kusa take da kamfas, zai karkatar maka da allura.

Fenti: samfefa, fentin share fage na alminiyam, sannan baƙi marar ƙyalli. In ya bushe, goga garin bakin fensir da yatsa a gefuna da kusurwoyi, nan take za ta yi kama da ƙarfen da hannu ya sha taɓawa.

Wajen ɗaurawa, a jikin firam ɗin jirgi za ka kafa ta, ba a murfin inji ba, da noti masu kulle kansu da waya ta tsaro. Duk ƙaramin abin da aka manna da gam kaɗai, kamar zoben saiti, a ƙara masa ribit, don girgizar inji za ta ɓalle shi ya doki fuskarka. Ƙarshen bindigar da ke fuskantar matuƙi a naɗe shi da soso da fata, kamar yadda aka riƙa yi a wancan zamani saboda matuƙa da suka fasa fuska a mummunar sauka. In za ka ɗauke ta a mota zuwa filin jirgi, rufe ta cikin akwati, ka kuma bincika dokar garinku kan kayan da suka yi kama da makami tun kafin ka fita da ita.