Yadda ake kai koke idan aikin furoje ya taɓa gonarka

A jihar Tahoua, hanya ko madatsar ruwa ko wayar lantarki kan ratsa gonakin mutane, kuma sau da yawa kuɗin aikin daga Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka suke fitowa. Waɗannan bankuna sun wajabta wa kowane furoje ya buɗe ƙofar karɓar koke. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba.

Fara da allon da aka kafa a bakin aikin. Ɗauki hotonsa da salula, don nan ake rubuta sunan furojen da mai zuba kuɗin.

Sai ka tara shaida, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. Ranar da masu ƙidayar dukiyar da aikin zai taɓa suka zo, ka tsaya da kanka a gonar, a ƙirga kowane icce, gawo ne ko mangwaro, da rijiya da rumbu da danga. Abin da aka ƙara bayan ranar rufe ƙidaya ba a biyan diyyarsa. Idan gonar gado ce ba takarda, je wurin mai gari da kwamitin ƙasa na ƙauye, Cofob, su ba ka takardar shaidar mallaka. Mai aro da mai haya su ma su sa a rubuta sunansu, haka matan da ke noma gamana, domin su aka fi mantawa.

Kai kokenka ga kwamitin koke na furojen, a ƙauye ko a ma'aikatar magajin gari. Ko da baki ka faɗa, ka nace a shigar da shi cikin rajista, a ba ka lamba da kwanan wata. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da Hausa ba.

In an yi shiru, rubuta wa ofishin bankin da ya zuba kuɗin a Yamai, ka ajiye kwafi. In nan ma ba a share maka hawaye ba, Bankin Duniya yana da kwamitin bincike mai zaman kansa tun 1993, don ayyukan da shi ya zuba wa kuɗi. Mutum biyu da aikin ya cutar sun isa su kai ƙara gabansa, da harshensu, kuma suna iya neman a sakaya sunayensu. Kada dai ku jira a rufe furojen, domin lokacin kai ƙara yana da iyaka.